Wasiƙa ga majami'un da muke kula da shafukansu: ina za a ajiye bidiyon wa'azi?

Zuwa ga fastoci, dattawa, sakatarori, ma'aji, da matasan da ke tsaye bayan kyamara kowace Lahadi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Muna fata kuna lafiya, ku da iyalanku da ikilisiyoyinku.

Tambaya guda ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Ta sha zuwa mana ta waya, ta saƙo, wani lokaci da tsakar dare: "Ina za mu sa bidiyon wa'azi ba tare da ya cinye baikon ikilisiya ba?" Mun amsa ta ga mutum ɗai-ɗai har ba mu san adadi ba. Sai muka ga gara mu rubuta sau ɗaya, kowa ya samu, har a karanta a zaman dattawa idan an so.

Bari mu fara da laifinmu. Wata Lahadin Ista, shafin ɗaya daga cikin majami'un da muke yi wa aiki ya ƙi buɗewa. Da muka bincika, sai muka tarar wani matashi mai himma ya ɗora bidiyon sujadar ranar, awa biyu cur, kai tsaye cikin shafin kamar yadda ake ɗora hoto, ya kuma tura adireshin a rukunin WhatsApp na ikilisiya. Jama'a suka taso gaba ɗaya bayan abincin dare. Kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda muke kira saba, ta durƙusa. Yaron ya kira mu muryarsa na rawa, yana cewa, "Yallaɓai, ni na lalata shafin coci?" Ba shi ya lalata ba. Mu ne muka bar ƙofar a buɗe, ba mu taɓa gaya masa kada ya bi ta nan ba.

Ga lissafin abin da ya faru. Bidiyo mai matsakaicin kyau, wanda ake kira 720p, idan an naɗe shi a kan megabit 5 kowace daƙiƙa, awa ɗaya tana cin gigabait 2 da kwata. Awa biyu, gigabait 4 da rabi ke nan. Mutum 100 su kalla har ƙarshe, sabar ta fitar da gigabait 450 a dare guda. Wurin da kuke biyan kuɗinsa a hannunmu an yi shi ne don rubutu da hotuna da jadawalin sujada, ba don irin wannan kaya ba. Ko kamfanin da ya rubuta muku "babu iyaka" da manyan baƙaƙe, ku sauka ƙasa ku karanta sharuɗɗansa, galibi za ku ga iyakar tana nan a kwance.

Akwai kuma abin da ya fi nauyin fayil muhimmanci. Kamfanonin da sana'arsu ke nan, idan kun ba su bidiyo ɗaya, sukan mayar da shi kashi-kashi: mai kyau sosai, matsakaici, da mai sauƙi, kowanne a yanka shi gunduwa-gunduwa ta 'yan daƙiƙoƙi. Wayar mai kallo ce ke zaɓen wanda layinta zai iya ja. Dattijuwar da ke kwance a gida da layi mai rauni hotonta zai ɗan dushe, amma muryar fasto ba za ta yanke ba. Fayil guda da aka jefa cikin shafi ba shi da wannan dabara: ko a ja shi da nauyinsa, ko a zauna ana kallon da'ira tana juyawa. Google Drive ma ba mafita ba ne. Ma'ajiya ce mai kyau, amma idan masu buɗe fayil ɗaya suka yi yawa a lokaci guda, yakan rufe shi na wani lokaci.

Don haka bidiyo ya zauna a gidan bidiyo, mu kuma mu maƙala shi a shafinku. Mai ziyara zai gan shi a shafin coci, ya danna, ya kalla, nauyin kuwa yana wuyan wasu. Abin da ya rage shi ne wane gida.

Ga yawancinku amsarmu YouTube ce, kuma ba ma jin kunyar faɗa ko da yake ba za mu ci ko sisi a kai ba. Ajiya kyauta, kallo kyauta, watsawa kai tsaye kyauta. Sabuwar tasha ba ta karɓar bidiyon da ya wuce minti 15 sai an tabbatar da ita da lambar waya, daga nan za ta ɗauki har awa 12 ko gigabait 256. Idan kuna son watsa sujada kai tsaye, ku nemi izinin tun tsakiyar mako, don yakan ɗauki har awa 24 kafin ya buɗe. Mun taɓa ganin waɗanda suka tuna da wannan ana saura minti goma a fara waƙar buɗewa. Wanda bai san cocinku ba kuma yana iya cin karo da wa'azinku a can, abin da ba zai faru ba idan bidiyon yana ɓoye a shafinku kaɗai.

Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Tun 2020 a Amurka, da 2021 a sauran ƙasashe, YouTube ya ba kansa ikon sa talla a bidiyon tashoshin da ba su shiga shirinsa na raba kuɗin talla ba. Ba ku ne ke zaɓen tallar ba, ba ku samun komai daga ciki. Abin mamaki, tashar da ta kai ga shiga shirin, mai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, ita ce ke da makunnin kashe talla a bidiyonta. Ƙaramar ikilisiya sai haƙuri. Sannan idan wa'azi ya ƙare, YouTube kan jero wasu bidiyoyin. A da muna iya kashe wannan gaba ɗaya, amma tun 2018 iyakar abin da za mu iya shi ne mu sa ya nuna na tasharku kawai, kuma haka muke yi wa kowane shafi da ke hannunmu.

Wannan magana ta talla, ku dattawa ne za ku yanke ta, ba mu ba. Wani fasto ya ce mana shi bai damu ba, ai mutane sun saba tsallake talla. Wata mama kuwa, shugabar kwamitin watsa labarai a cocinta, ta ce ba za ta yarda tallar caca ta fito gaban addu'ar jana'iza ba ko da sau ɗaya ne. Duka biyun mun fahimce su.

Facebook wuri ne na haɗuwa, ba na ajiya ba. Ku watsa a can idan a can jama'arku suke, amma ku sani tun watan Fabrairun 2025 bidiyon da aka watsa kai tsaye kwana 30 yake yi, sai a goge shi. Duk wanda ya maƙala irin wannan bidiyo a shafin coci, bayan wata guda zai tarar da akwati baƙi wayam.

Idan kun yanke cewa ba ku son talla, to sai biya. Vimeo shi ne aka fi sani: babu talla, kuma a tsarinsa na biya za a iya kulle bidiyo ya ƙi buɗewa ko'ina sai a shafinku. Kuɗinsa na wata-wata ko na shekara ne, ma'aji zai san abin da zai ware. Tun 2022 ya sa mizanin terabait 2 (wato kusan gigabait 2,000) na kallo a wata, wanda ƙaramar ikilisiya da wuya ta taɓa shi. Abin lura shi ne tsarin da ke ba da watsawa kai tsaye yana cikin masu tsada, kada ku sayi ƙarami kuna zaton yana ciki. Kuma ranar da kuka daina biya, kada ku ɗauka tsofaffin bidiyoyinku za su ci gaba da zama yadda suke.

Akwai kuma masu awo da minti, irin su Cloudflare Stream, wanda ke karɓar dala 5 a wata kan kowane minti 1,000 da aka ajiye, da dala 1 kan kowane minti 1,000 da aka kalla. A ido kamar ba komai. To ku ɗauki biro. Wa'azin minti 45 sau 52 a shekara ya ba da minti 2,340, wato ajiya ta kai dala 15 a wata kafin shekara ta ƙare, kuma kullum gaba take yi tunda ba a share wa'azi. Mutum 200 su kalli wa'azi huɗu a wata har ƙarshe, minti 36,000 ke nan, dala 36. Ranar da wani wa'azi ya yaɗu, farin cikin fasto shi ne ciwon kan ma'aji. Irin wannan tsari ya dace da ikilisiyar da ke da mai sa ido a kan lissafi kowane wata. Farashi kuma yakan canja, ku duba shafin kamfanin kafin ku kai magana gaban dattawa.

Wata dabara da ke rage kuɗi a kowane tsari: ku yanke. Ba dole a ajiye sujadar awa biyu da sanarwa da gaishe da baƙi ba. Wa'azin kaɗai ya isa, kuma yanke waƙoƙi yana raba ku da wata matsalar. YouTube na da na'urar da ke sauraren kowane bidiyo tana neman kiɗan da ke da mai shi. Idan mawaƙanku sun rera waƙar zamani, ko an saki faifai kafin a fara sujada, za ta iya sa wa bidiyon talla don amfanin mai waƙar, ko ta toshe shi a wasu ƙasashe, ko ta katse watsawar ana tsaka da ita. Akwai hukumomin da ke sayar wa majami'u lasisin watsa waƙoƙi, irin su CCLI, amma lasisin yana kare ku ne ta fuskar doka, ba ya hana na'urar ɗaga hannu. Ku kuma fitar da murya zalla a ajiye gefe: awa ɗaya tana iya zama ƙasa da megabait 30, kuma da yawa daga cikin masu bin wa'azi saurare suke yi suna wani aiki. Shi ya sa idan kuɗi kaɗan ne, mukan ce a fara gyara makirufo kafin a sayi sabuwar kyamara.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu, fiye da duk maganar farashi. A cikin majami'un da muka yi wa aiki, asarar da ta fi ciwo ba ta kuɗi ba ce. Wata ikilisiya ta tara wa'azin shekaru a tashar da wani ɗan'uwa ya buɗe da imel ɗinsa na kansa. Ya yi ƙaura, ya canja lamba, ya manta kalmar sirri. Ba faɗa aka yi ba, ba mugunta ya yi ba. Tashar tana nan har yau, kowa na ganinta, babu mai iya shiga. A ciki akwai wa'azin ƙarshe na tsohon fastonsu da ya riga mu gidan gaskiya, kuma babu wanda ya ajiye asalin fayil ɗin.

Saboda haka muna roƙonku, ko wane gida kuka zaɓa, a buɗe asusun da imel na ikilisiya, lambar da za a tabbatar da shi ta zama wadda ofishin coci ke riƙe da ita. YouTube yana ba da damar a ƙara mutane su yi aiki a tasha ba tare da an ba su kalmar sirri ba, mai ɗora bidiyo daban, mai mallaka daban. A sa aƙalla mutum biyu masu cikakken iko, ɗaya daga cikin dattawa. Asalin kowane bidiyo kuma a kwafe shi a faifan ajiya na waje a ranar da aka naɗe shi, a rubuta kwanan wata da sunan mai wa'azi da nassin da aka karanta. Idan akwai hali a yi faifai biyu, kada su kwana ɗaki ɗaya. Mai asalin fayil a hannu, duk ranar da kamfani ya canja sharuɗɗa sai ya kwashe kayansa ya koma wani.

Kafin a ɗora, a tuna da waɗanda ke cikin hoton. Yaran makarantar Lahadi sai da yardar iyayensu. Wanda ya tashi ya ba da shaida a kan rashin lafiyarsa ko rikicin gidansa, ya faɗa wa 'yan'uwa ne, bai faɗa wa duniya ba. A tambaye shi. YouTube na da zaɓin ɓoye bidiyo daga bincike, amma duk wanda ya samu adireshin zai kalla, zai kuma iya tura wa wani.

Ga abin da za mu yi daga ɓangarenmu. Daga farkon wata mai zuwa za mu rufe hanyar ɗora fayil ɗin bidiyo kai tsaye a duk shafukan da muke kula da su. Bidiyoyin da ke ciki yanzu za mu kwashe su zuwa inda kuka zaɓa, mu maƙala su a wuraren da suke, ba tare da mun karɓi komai ba, tunda mu muka bari suka taru. Ba za mu goge ko ɗaya ba sai sakatare ya tabbatar mana a rubuce cewa ikilisiya na da kwafinsa.

Abin da muke buƙata daga gare ku kafin ƙarshen wata: sunan wanda ke riƙe da tasharku a yanzu, imel ɗin da aka buɗe ta da shi, da matsayar dattawa kan talla. Kada ku turo mana kalmar sirri, ba ma buƙatarta. Idan kuma an nemi mai tashar an rasa, ku kira mu tun yanzu mu fara sauke abin da zai sauku.

Allah ya albarkaci hidimarku.

Naku cikin aiki,
Ma'aikatan da ke kula da shafukanku