Zuwa ga Abba, game da takardar da ka ninke ka jefa a jaka

Assalamu alaikum. Ina fata ka sauka lafiya, kuma gajiyar tafiya ba ta tayar maka da ciwon gaɓoɓin ba. Ummanka tana gaishe ka.

Yayarka ce ta faɗa mini, kuma kada ka ga laifinta, ni na tsare ta da tambaya. Ta ce kafin ka tashi an gwada jininka, aka ga babu HBsAg amma akwai anti-HBc (alamomi ne biyu na ciwon hanta nau'in B da ake dubawa a jini), kai kuwa ka ce ai shi ke nan, ciwon hanta ya zo ya wuce. Ta ce kuma likitan da za ka gani a can yana maganar ɗora ka kan magani mai kwantar da garkuwar jiki saboda gaɓoɓin nan. Tun daren da na haɗa maganganun biyu a raina ban yi barcin kirki ba.

Shekara talatin na yi a ɗakin gwaje-gwaje ina juya kwalaben jinin mutane, don haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B riga gare ta a waje, ita ce HBsAg. A cikin rigar akwai ƙoƙon da ya rufe asalin halittarta. Furotin iri ɗaya ne ya gina ƙoƙon, galibi guda 240, sun haɗu bibbiyu, kowane biyu sun tsiro da ƙaya ɗaya, ƙayoyi 120 ke nan, kamar bushiya ta dunƙule. Sojojin garkuwar jiki da ake kira anti-HBc yawancinsu kan tsinin ƙayoyin nan suke kamawa. Siffar tsinin suke ganewa, yadda ya lanƙwashe ya miƙe, kamar yadda kake gane fuskar mutum tun daga nesa. Da yake ƙayoyin a jere suke reras, jiki ba ya kuskure su. Kusan duk wanda ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa yana ƙera waɗannan sojoji, kuma galibi suna nan tare da shi har ƙarshen rayuwa.

To amma ga inda ka yi kuskure. Idan ƙwayar tana yawo a jini, ƙoƙon a lulluɓe yake cikin riga, sojojin nan ba su isa su taɓa shi ba. Shaidu ne kawai, sun ga ɓarawo sun riƙe kamanninsa, amma ba su ke tsaron ƙofa ba. Masu tsaron ƙofar su ne anti-HBs, waɗanda ke kama rigar waje. Allurar rigakafi ma rigar kaɗai ke cikinta, shi ya sa wanda allura ce kawai ta shige shi ba a samun anti-HBc a jininsa. Idan har gwajinka daidai ne, to ƙwayar gaske ce ta taɓa sauka a hantarka. Kuma takan bar wani ɗan zoben halittarta a cikin ƙwayoyin hanta, ya kwanta shiru shekara da shekaru, garkuwarka ce ke danne shi. Ranar da aka kwantar da garkuwar da magani irin rituximab, ko magungunan cutar daji, wato kansa, ko steroid mai yawa na dogon lokaci, yana iya farkawa. Wani lokacin sai idanu sun yi rawaya ake ankara.

Abba, ka ga idanun Baffanka. Kai ka riƙe masa kofi a makon ƙarshe. Ta yaya wanda ya ga wannan zai ninke takarda irin wannan ya jefa a jaka kamar rasit? Halinka ke nan tun kana ƙarami, abin da ba ka so ka ji sai ka ce ya wuce. Na yi shiru a kan maganar makaranta, na yi shiru a kan ɗayar maganar da ka sani. A kan wannan ba zan yi shiru ba, ko da za ka daina ɗaga wayata.

Na san abin da ke ranka, ko ba ka faɗa ba: uba ma'aikacin lafiya, ɗansa kuma bai samu allura ranar haihuwa ba. Lokacin da aka haife ka allurar ba ta zo hannunmu kamar yau ba, yanzu da ake so a yi wa jariri cikin awa 24. Da ta samu na kai ku duka, sai dai ƙila kai an riga an makara. Allah ne shaidata ban yi sakaci da gangan ba, amma abin yana ci na. Ba kuma zan tambaye ka ta ina ta shige ka ba, wannan tambayar ba ta da amfani yanzu.

Abin da nake roƙonka kaɗan ne. Kafin ka haɗiyi ƙwaya ɗaya ko a ɗaura maka ruwa, ka miƙa wa likitan takardar nan da hannunka, kada ka jira ya tambaya. Ka ce a maimaita gwajin, don wani lokaci yakan nuna abin da babu. A duba anti-HBs, a auna HBV DNA, wato yawan asalin halittar ƙwayar a jini, a duba lafiyar hantar. Idan ya ga da buƙata, akwai maganin danne ƙwayar cutar, entecavir ko tenofovir, ƙwaya ɗaya a rana, da ake farawa tare da maganin gaɓoɓin don kada abin ya farka. Maganin gaɓoɓinka kuma ban ce ka ƙi shi ba, na san yadda kake fama da safe.

Ka ɗauki hoton takardar ka turo mini yau, gaba da baya, in ga lambobin da idona. Ummanka ba ta san komai ba tukuna, kuma na fi so daga bakinka ta ji, bayan ka ga likitan.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka