Sanarwa: Nazarin Nehemiya da aikin unguwa

Salama a gare ku ƴan'uwa cikin Almasihu.

Nazarinmu na wannan Asabar zai kasance a kan Nehemiya sura 3. Don Allah kowa ya karanta kafin ya zo. Na san surar cike take da sunaye masu wuyar faɗa, amma ku lura da waɗanda suka gyara garun Urushalima: firistoci, maƙeran zinariya, masu yin turare, har da Shallum da ƴaƴansa mata. Da yawansu sun gyara sashen da ke daura da gidajensu ne. Manyan mutanen garin Tekowa kuwa suka ƙi sa hannu, kuma an rubuta hakan. Duk da haka aka gama garun cikin kwana 52.

Saboda haka bayan addu'a ba za mu watse ba. Za mu yashe kwatar da ta toshe a bayan majami'a, wadda ruwanta ke shiga gidajen maƙwabta, na ikilisiya da waɗanda ba na ikilisiya ba. Mai shebur ko baro ya zo da shi. Iyayenmu da ƙarfi ya gaza, ku rubuto mana sunayen gwauraye da marasa lafiya da ya kamata mu ziyarta.

Wanda zai samu zuwa ya amsa a nan kafin Juma'a.