Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga jami'in da ya yi mana alkawari a zaman makokin kawuna

Ranka ya daɗe, sallama da fatan alheri.

Ba zan kama sunanka ba, ba zan kama sunan ma'aikatarku ba. Ka san kanka, kuma duk wanda ya zauna a tabarma a ƙofar gidanmu da ke Birni ranar sadakar bakwai ta kawuna ya ji abin da ka faɗa. Babu wanda ya roƙe ka. Kai ka miƙe bayan an shafa fatiha, ka ce mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa jirgin sojan ƙasar nan bai kamata Damagaram ta manta da shi ba. Ka ce za a kafa allon tunawa a mararrabar da ke kusa da gidan, a rubuta sunansa da aikinsa, a kuma sa wa layin sunansa. Tsofaffi suka yi ta sa maka albarka.

Damina uku ke nan. Abin da ke wurin yau shi ne tubalin siminti jeri biyu da ƙarafa huɗu a tsaye, sun yi tsatsa. Wata baiwar Allah tana ɗora tiren awararta a kai da yamma, ban kuma ga laifinta ba, don ba ta san na mene ne ba.

Amma ba tubalin ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Hoton ne. Mako biyu bayan makoki ka turo wani matashi ya ce ana buƙatar hoton marigayi cikin kaki da littafinsa na tashi, domin a ɗebo abin da za a rubuta. Matar kawu ta buɗe akwatin ƙarfe, ta warware zanen da ta naɗe su a ciki, ta miƙa da hannu biyu. Hoto ɗaya tak muke da shi da yake tsaye a gindin jirgi, hularsa a hammata. Littafin kuwa da hannunsa ya cika shi, layi bayan layi: ranar tashi, irin jirgin, daga ina zuwa ina, awa nawa. Yamai zuwa Agadas, Agadas zuwa Dirku, Dirku a dawo. Har yau ba mu sake ganinsu ba. Na je ofishinku sau shida. An ce ka fita, an ce kana taro, an ce yaron da ya karɓa an canja masa wurin aiki. Duk lokacin da na koma gida sai ta dube ni daga kan tabarmar salla, ba ta ma tambaya, fuskata take karantawa.

Wataƙila a wurinku takarda ce cikin takardu. Bari in tuna maka abin da ke ciki. Rundunar sojan ƙasar nan an kafa ta a 1961, kuma ɓangarenta na sama ya daɗe da ƴan jirage ƙalilan, yawancinsu na dako. A 1979, zamanin Seyni Kountché, aka kawo manyan jiragen dako C-130 guda biyu, kawuna yana cikin waɗanda suka yi aiki da su. Wanda bai san arewacin Nijar ba ba zai gane darajar wannan aiki ba. Tafiyar da ayarin raƙuma ke yi cikin makonni a Tenere, su cikin awanni suke yin ta, da buhunan hatsi, da magani, da marar lafiyar da ba zai kai asibiti ba in aka ce mota. Ya sha ba mu labarin shekarar yunwar da ake kira El Buhari, 1984, da yadda ƙura ke rufe fili har matuƙi ya kasa bambance ƙasa da sama. Ranar 16 ga Afrilun 1997 ɗaya daga cikin jiragen nan biyu ya faɗi kusa da Yamai, mutum 14 suka rasu. Ba ya ciki, amma abokan aikinsa ne. Har ya koma ga Allah, in watan ya zagayo sai ya sa a dafa abinci a kai wa almajirai, ba ya cewa komai.

Wannan ne mutumin da littafinsa ke kwance a wata durowa a wurinku, in ma yana nan.

Kada a ce min babu kuɗi. Mun ga yadda aka gyara garin nan lokacin bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamban 2018, aka yi tituna da shataletale cikin watanni. Mun ga yadda a Oktoban 2024 Yamai ta cire sunan Charles de Gaulle daga babban titi ta sa na Djibo Bakary. Mu ma nan mun san amfanin suna: yaron da ke shiga makarantar Amadu Kuran Daga ko jami'ar André Salifou, ko ba daɗe ko ba jima zai tambayi wane ne mai sunan. Abin da nake so wa yaran Birni da Zango da Garin Malam ke nan. In suka ji ƙarar jirgi suna fitowa da gudu suna ɗaga hannu, amma babu ɗayansu da ya san cewa wani da ya yi wasa a cikin duwatsun garin nan kamarsu ya taɓa zama a gaba yana tuƙi. Lokacin da Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin soja a Nijar a 2015, ƴata ta yanke hotonta ta liƙa a bango. Na kakanta kuwa ba ta da shi.

Na san garin na da matsalolin da suka fi wannan, ruwan sha ma kaɗai ya isa. Shi ya sa mun rage buƙata. Batun sunan layi, a bar shi sai lokacin da ya samu. Allon kuma mun yi magana a dangi da tsofaffin abokan aikinsa, za mu haɗa kuɗin siminti da na magini da kanmu. Takardar izini kawai muke so daga hannunka, don kada mu gina a zo a rushe.

Hoto da littafi kuwa, don girman Allah, ka sa a nemo su a wannan makon. Amana aka ba ka a gaban mutane. Matar kawu idonta ya fara rauni, ta ce tana so ta ƙara ganin fuskarsa tun tana iya gani. In aiki ya yi maka yawa, ka aiko a kira ni in zo in karɓa. In kuma ka fi so ka kawo da kanka, gidan yana nan inda ka san shi, ƙofar da ka zauna.

Naka,
Ɗan ƴar'uwar marigayi, Birni, Damagaram