A auna teburin kicin kafin a sayi fitila

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ja hankalin ’yan’uwanmu Hausawa mazauna Jidda da Makka kan wani kuskure da nake yawan tararwa a matsayina na mai aikin lantarki. Sababbin gidajen haya a nan yawanci suna zuwa da teburi a tsakiyar kicin, wanda Larabawa ke kira jazira, ko kuma wanda aka jingina gefensa ɗaya da bango, kuma kowa yana so ya rataya fitilu a samansa. Abin da ke faruwa shi ne maigida ya tafi kasuwa shi kaɗai, ya sayo abin da ya burge shi a shago, bai auna teburin ba, bai kuma tambayi uwargida da za ta yi aiki a ƙarƙashin hasken ba.

Kwanan baya an kira ni wani gida inda aka rataya manyan fitilu uku a kan teburin da tsawonsa bai wuce mita 1.5 ba. Hajiya ta ce da ni tun da aka saka su ba ta iya ganin fuskar wanda ke ɗaya gefen, kuma sau biyu tana buga goshi wajen murza ƙullin sambusa. Mun cire ɗaya, muka ɗaga sauran, magana ta ƙare.

Lissafin ba shi da wuya. Daga saman teburin zuwa ƙasan fitilar a bar santimita 75 zuwa 90, kuma daga teburin ake aunawa ba daga silin ba, domin tsayin silin ya bambanta daga gini zuwa gini. Idan mai girkin doguwa ce, a karkata zuwa 90. Wajen tazara kuwa, a ƙara ɗaya a kan adadin fitilun, a raba tsawon teburin da shi: teburi mai santimita 240 da fitilu uku zai ba da 60 tsakanin kowace da ’yar’uwarta, haka ma daga kowane baki. Teburin da bai kai mita biyu ba, a ganina, fitila biyu masu faɗin santimita 25 zuwa 30 sun ishe shi. Wanda ke jingine da bango sai an buɗe ƙofofin kabad ɗin sama an ga iyakarsu kafin a huda jibis, wato rufin silin.

Girkinmu ma abin lura ne. Gidan da ake suyar ƙosai da nama, musamman cikin azumi, ba ya bukatar fitila mai rufin yadi ko saƙar kaba, komai kyanta, domin maiƙo da ƙurar garin nan za su mayar da ita abin kunya cikin ’yan watanni. Gilashi ya fi sauƙin gogewa, kuma a Jidda, inda danshin teku ke cin ƙarfe, ya fi daɗewa. Kada a rataya ta daidai bakin mukayyif, wato na’urar sanyaya ɗaki, in ba haka ba za ta wuni tana lilo, kuma idan murhu yana kan teburin, wurin na mazuƙar hayaƙi ne.

Ƙwan LED mai lamba 3000K zuwa 4000K, wato lambar launin haskensa, a ganina ya fi dacewa da kicin fiye da fari fat ɗin da mutanenmu ke so. Masu zama a tsofaffin gine-gine kuma su sa a gwada musu layin, domin duk da cewa tun 2010 hukuma ta yanke shawarar komawa bolt 230, har yanzu ina shiga gidajen da wayar silin ke ɗauke da 127.

Wassalam.

Daga wani mai aikin lantarki,
Unguwar Hindawiyya, Jidda