Wasiƙar Godiya ga Malaman Gona na Ƙaramar Hukumar Auyo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin kaina da sauran 'yan'uwana manoman rani na yankinmu, domin mu miƙa godiya a bainar jama'a ga malaman gona da ma'aikatan ofishin aikin gona na ƙaramar hukumar Auyo, Jihar Jigawa, saboda yadda suka riƙe amanar tallafin noman alkama na shirin NAGS-AP, wato shirin gwamnatin tarayya na tallafa wa manoma da kayan noma.

A watan Nuwamban 2023 ne Ministan Aikin Gona, Sanata Abubakar Kyari, ya ƙaddamar da noman alkama na rani a nan Jigawa, bisa tsarin cewa gwamnati za ta ɗauki rabin kuɗin iri da taki da maganin feshi, manomi kuma ya biya sauran rabin. An ɗauki nauyin shirin ne da kuɗin rancen dala miliyan 134 da Najeriya ta samu daga Bankin Raya Ƙasashen Afirka. Gaskiya mu da muka daɗe a harkar nan ba mu yi saurin murna ba, domin mun sha ganin takin gwamnati yana isowa bayan an gama shuka, ko kuma ya sulale hannun waɗanda ko fartanya ba su taɓa riƙewa ba, daga baya mu same shi a kasuwa da tsada. Ga shi kuma shekarar ce aka janye tallafin man fetur, har kuɗin man injin ban ruwa ya sa wasu daga cikinmu suka fara shawarar barin gonakinsu haka nan.

Abin da ya fi burge mu shi ne kun san alkama ba ta jiran kowa. Wanda bai shuka ta tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba ba, lokacin da hunturu ya kankama, to zafin watan Maris zai riske ta tana cika ƙwaya, sai ta ƙanƙance, wahalar watanni ta tashi a banza. Da wannan sanin kuka yi aiki. Kun bi mu har bakin gona a kan babur, kun duba fili da idonku kafin ku rubuta suna, kuma ba mu ji an tambayi kowa jam'iyyarsa ko gidan da ya fito ba.

Ba zan manta da wani dattijo maƙwabcina ba, wanda bai iya karanta boko ba, ya kwana uku da saƙon karɓar kaya a wayarsa bai sani ba. Ɗaya daga cikinku ne ya lura bai gan shi a cibiyar rabo ba, ya je har gida bayan sallar la'asar, ya karanta masa saƙon, washegari kuma ya tsaya a kansa har aka ƙirga masa buhunan takin NPK da yuriya da irinsa cif, aka ɗora a amalanke. Dattijon ya miƙa masa kuɗin goro, ya ƙi karɓa. Irin wannan ba ya cikin takardar aikin kowa, shi ya sa na ga ya dace a faɗe shi.

Haka kuma muna godiya da koyarwar da kuka yi mana kan raba yuriya kashi-kashi maimakon zuba ta gaba ɗaya, da kuma kiyaye ban ruwa a lokacin da alkama ke fitar da kai.

Roƙonmu ɗaya ne, ku isar mana da shi ga na sama: a riƙa fara rajista tun a watan Satumba, domin mai ƙaramin ƙarfi ya samu damar sayar da ɗan amfanin damina ya haɗa nasa rabin kuɗin a kan kari. Allah Ya saka muku da alheri, Ya albarkaci iyalanku.

Wassalam,
Wani manomin alkama, Auyo