Zanen Turawa a falo, allon kaka a ƙarƙashin gado

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da 'yan'uwana na Zango. Sana'ata sa wa hotuna firam da gilashi a nan Aboabo, cikin Kumasi, yau shekara 28 ke nan. A da abin da ake kawo mini bai wuce hoton biki ba, da hoton Ka'aba da alhazai ke dawowa da shi, da satifiket ɗin yara. Tun da kwantenonin kayan gida na hannu suka yawaita fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Tema, sai wani yayi ya shigo mana: tsohon zanen Turawa cikin firam mai ruwan zinariya.

Cikin azumin da ya wuce wani ɗan aminina, wanda Allah ya buɗa masa a harkar kayan mota a Suame, ya shigo shagona rungume da wani ƙaton abu naɗe cikin bargo. Ya ce, "Baba, kusurwar nan za ka gyara mini, amma don Allah a hankali, ya haura shekara 100." Sidi 4,000 ya biya, aka ce masa daga gidan wani attajiri a Ingila aka fito da shi. Ina warware bargon na gane shi. Amalanke ne tsakiyar rafi dawaki na ja, ga ɗan gida ta hagu, ga kare a bakin ruwa. Aikin wani mai zane ɗan Ingila ne, John Constable, na 1821, na ainihin kuwa yana rataye a gidan adana zane na National Gallery a Landan. Na sa wa irinsa firam ya fi sau goma.

Ban yi masa musu ba. Na miƙa masa gilashin nan da masu gyaran agogo ke sawa a ido, na ce ya dubi wajen gajimaren. Abin da ya gani ɗige-ɗige ne ƙanana a jere, irin na hoton kalanda. Bugun inji ke nan. An shafa masa banish mai kauri, wato man da ke sa ƙyalli, an ja buroshi a kai don ya yi tudu-tudu, amma sawun buroshin bai bi siffar itace ko ta ruwa ba, ko'ina iri ɗaya. Zanen hannu na gaske, inda ganye ya lanƙwasa nan fentin ya lanƙwasa. Sannan muka juya bayansa, don tsohon zane a baya ake karanta shekarunsa. Ƙyallen da aka yi zanen a kai kan yi duhu, ƙusoshin su yi tsatsa, a kusurwoyi a ga 'yan katako da aka cusa don ɗame shi, wani lokaci har da takardar shagon da ya taɓa sayar da shi. Nasa kwali ne fari tas, an kama shi da waya irin ta ofis. Masu tara irin wannan kaya a Turai, kafin su yi maganar kuɗi sai sun ga takardun da ke nuna hannun da zanen ya bi. Mu nan labarin baki kawai muke saye.

Ba na hana kowa rataya kwafi. Yana da kyau a ido, kuma da yawa cikinmu sun fi son hoton daji da ruwa saboda maganar malamai a kan hoton mai rai. A dai saye shi da kuɗin kwafi.

Wanda kuma Allah ya ba shi na gasken, ya san ya ɗauko aiki, don iskar Kumasi ba ta raga wa fenti. Da damina ƙyallen ya sha laima ya saki, fumfuna ta kama bayansa. Da hunturu ya bushe ya ɗame, fentin ya tsage. Gidajen adana kayan tarihi suna riƙe danshin ɗaki wajen kashi 50 cikin 100 duk shekara, mu ba mu da halin haka, amma akwai na talaka. Kada a rataya shi a bangon da ruwan sama ke duka ta waje, kada ya fuskanci taga, a nisanta shi da hayaƙin girki da na turaren wuta. A manna ɗan toshiyar kwalba a kusurwoyin baya don iska ta ratsa. Ƙura kuwa da buroshi mai laushi ake kaɗe ta. Na taɓa karɓar wani da aka goge da tsumma da kananzir, rabin sararin samaniyar ya biyo tsumman.

Abin da ya sa na ɗauki biro, Malam Edita, a gidan yaron na gan shi. Na je rataya masa zanen, na shiga gaida Hajiya, kakarsa. Ana neman mini kujera sai aka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. A kanta akwai allon saukar kakansa, da zayyana ja da kore da ruwan ɗorawa, gara ta cinye gefe guda. Cikin adakar ga hoton marigayin da rawani, lokacin yana fataucin goro zuwa Kano, ya manne da leda. Ga kuma damin takardu da ajami, ƙwari sun huda su. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Kwafin zanen Constable akwai dubbansa a duniya, wannan allo kuwa idan ya tafi ya tafi.

A 2024 mun ga yadda garin nan ya cika da murna da aka kawo kayan zinariya da azurfa guda 32 na Asante daga gidajen tarihi biyu na Landan zuwa fadar Manhyia ta Sarkin Asante, har da waɗanda sojan Ingila suka kwasa a 1874. Aro ma aka ba su. Su ƙwace musu aka yi da bindiga. Namu babu wanda ya ƙwata, a ɗakunanmu yake ruɓewa. Rubuce-rubucen Alhaji Umaru Salaga, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a Kete-Krachi a 1934, da ba a samu masu adanawa da kwafewa ba, da yau ba a karanta su a Jami'ar Ghana da ke Legon. Mai son zanen fenti kuma ba sai ya jira kwantena ba. Ablade Glover ya daɗe yana koyarwa a jami'ar KNUST ta nan garin, kasuwanninmu yake zanawa. Amoako Boafo ɗan Accra ne, an sayar da aikinsa guda fam 675,000 a Landan a 2020. Ɗaliban KNUST ma suna nan suna neman mai sayen aikinsu.

Allon dai na roƙa an ba ni. Na kashe garar, na yi masa akwati mai zurfi yadda gilashi ba zai taɓa tawadar ba, muka rataya shi can sama, inda ba a miƙe masa ƙafa, tunda ayoyi ne a jiki. Hajiya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta faɗi sunan malamin da ya yi zayyanar, wanda jikan bai taɓa ji ba. Takardun ajamin ta ce ba za su fita ɗakinta ba sai wani malami ya zo ya karanta mata abin da ke ciki. Idan cikin masu karanta jaridar nan a Kumasi akwai wanda idonsa ya saba da tsohon rubutun hannu, ya tambayi shagon mai firam a Aboabo, ni zan kai shi.

Naku,
Mai firam, Aboabo, Kumasi.