Wasiƙar Godiya ga Hukumar Gandun Dajin Gashaka-Gumti

Zuwa ga Shugaban Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti, Serti, Jihar Taraba.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin ayarinmu da ya hau dutsen Chappal Waddi a ranin da ya gabata, domin mu yi godiya a bainar jama'a bisa riƙon amanar da ma'aikatanka suka yi mana tun daga ofishinku har ƙololuwar dutsen.

Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, wanda ya kai mita 2,419, ba wurin da baƙo zai tunkara da ka ba ne. Masu gadin dajin da kuka haɗa mu da su sun san kowane rafi da inda ake tsallake shi, kuma sukan tashe mu da asuba cikin sanyin da ke sandarar da yatsu, domin mu ci tudu kafin rana ta take. Da dattijon cikinmu ya fara haki, ɗaya daga cikinsu ya karɓi jakarsa ya ɗora a kan tasa, ya rage sauri ba tare da ya ce uffan ba, har muka fita daga kurmi muka shiga filin ciyawa inda gajimare ke ƙasa da mu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ladabinsu ga mutanen wurin. Ba mu wuce ruga ba sai sun tsayar da mu mun gaida jauro, mun sha nono a ƙwarya, kuma sun hana mu ɗaukar hoton kowa sai da izininsa. A wajen hira da dare suka ba mu tarihin yankin: yadda ya kasance ƙarƙashin Jamus har zuwa Yaƙin Duniya na Farko, abin da kufan ganuwar Jamusawa kusa da ƙauyen Gashaka ke shaidawa, da yadda ya koma hannun Turawan Ingila, sannan ya shigo Nijeriya bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. A ganina, wannan hira kaɗai ta biya wahalar tafiyar.

Sun kuma fahimtar da mu cewa kurmin da gandun ke karewa tun kafuwarsa a 1991 shi ne mafakar biran cimfanzi, kuma daga nan ƙoramu ke gangarawa su ciyar da Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Shi ya sa ko leda ɗaya ba su bari mun yar ba.

Roƙonmu shi ne ku isar da godiyarmu ga masu gadin da 'yan dako ɗaya bayan ɗaya, ku kuma duba yiwuwar sauƙaƙa wa ɗaliban makarantun Taraba da Adamawa kuɗin shiga, domin muna da niyyar kawo namu. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ma'aikatanku a bakin aiki.

Naku,
Wani malamin sakandare daga Jalingo